Shirun da waƙa ta katse

Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah na ɗauki ƙanwata muka tafi silima. Ita ta matsa, don tun cikin azumi take cin karo da tallan fim ɗin a TikTok, an tsinto wuraren da suka fi zafi an jera su a kan kiɗa mai bugun ƙirji. Ba zan kama sunan fim ɗin ba. Waɗanda suka yi shi sun zuba kuɗi da gumi, kuma ciwon da zan yi magana a kai ba nasu ba ne su kaɗai. Na gan shi a kusan duk fim ɗin zullumi na Hausa da na biya kuɗi na kalla a 'yan shekarun nan.

Labarin wani matashi ne mai shagon waya, ya rufe shago bayan isha'i, aka neme shi aka rasa tsakanin kasuwa da gida. Kwana uku ba shi ba labarinsa. A dare na huɗu matarsa tana zaune ita kaɗai a tsakar gida, an ɗauke wuta, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Bugu biyu a jere, aka ɗan dakata, sannan ɗaya. Tun farkon fim an nuna mana cewa haka mijin yake bugawa idan ya dawo. Ta miƙe da fitilar waya a hannu, hasken yana rawa a jikin bango saboda karkarwar hannunta. Ta ce, "Waye?" Ba a amsa ba. Aka sake bugawa, biyu, sannan ɗaya. Babu kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar silifas ɗinta a kan siminti da haushin kare daga nesa.

Wanda ya san silimar Kano ya san ba wurin shiru ba ne. Muna kallo muna sharhi, muna yi wa jarumi faɗa, muna tsine wa bos. Amma a wannan minti ɗaya zauren ya yi tsit. Saurayin da ke bayana, wanda tun da aka fara bakinsa bai huta ba, ya yi gum. Hannun ƙanwata yana cikin kwalin gugguru, ta manta da shi a ciki. Har ƙugin na'urar sanyaya wuri nake ji, abin da ban lura da shi ba tun da muka zauna. Matar ta ɗora hannu a kan sakata.

Sai hoton ya yi fari fat. Sai ga ta ita da mijin a cikin lambu, shi da shadda ruwan toka, ita da leshi, suna rausaya, ana waƙar yadda suka fara haɗuwa. Minti biyar cur. Na ji zauren ya saki numfashi gaba ɗaya, wayoyi suka fara haskawa layi-layi, wasu suka tashi neman lemo. Kafin a dawo da mu bakin ƙofar, babu wanda ya damu da wanda ke bayanta. Abokin mijin ne, kuma saurayin da ke bayana ya riga ya faɗa mana tun minti ashirin da farawa: "Wallahi abokin nan ne." Ba duba ya yi ba. Duk inda abokin ya fito sai a sa masa kiɗa mai kauri, ya yi wata hararar gefe, kyamara ta tsaya a kan fuskarsa har sai makaho ma ya gane. A ƙarshe wani babban ɗan sanda ya zauna a ofis ya maimaita mana duk abin da muka gani da idonmu, ya rufe da nasiha a kan cin amana.

Da aka kunna fitilu ƙanwata ta juyo ta ce, "Yaya, wa ya ce musu a cece mu? Ni fa tsoron na biya kuɗi na zo in ji."

Maganarta ce ta sa ni wannan rubutu. Abin da na yi imani da shi shi ne, masu yi mana fim sun iya ɗaure zuciya, minti ɗayan nan shaida ne, amma ba su yarda da mu ba. Suna ganin idan suka bar mai kallo cikin duhu na ɗan lokaci zai gundura, idan ba su nuna masa mugu da yatsa ba zai ɓata, idan ba su faɗa masa darasin da baki ba zai fita da mugun abu a ka. Mutumin da ya cire kuɗin da zai yi cefanen kwana biyu, ya hau adaidaita sahu ya ratso cunkoson titin gidan Zoo, ya zauna a duhu ya ba ka awa biyu daga rayuwarsa, ya cancanci a ɗauke shi a matsayin mai hankali.

Kada a ce ina faɗa da waƙa ne. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wata tatsuniya da take mana a tsakar gida idan an gama tuwon dare: yarinyar da uwarta ta ɓoye a ɗaki saboda dodo, suka yi alƙawari ba za ta buɗe ba sai ta ji waƙar uwar. Dodo ya laɓe ya haddace waƙar. Ya zo ya rera da ƙatuwar muryarsa, yarinya ta gane ta ƙi buɗewa. Ya tafi wurin maƙeri aka gyara masa murya, ya dawo. A nan Kaka take rage murya ta yi siririya, ta rera waƙar nan dai da muka riga muka sani, kalma ɗaya ba ta canza ba, mu kuwa mun cure wuri ɗaya muna ihun "kar ki buɗe!" Waƙar ita ce abin tsoron. Ba ta fitar da mu daga labarin ta kai mu lambu ba, cikinsa ta ƙara tura mu. Kuma Kaka ta san inda za ta tsaya ta gyara zaman zani, ta kurɓi ruwa, ta bar mu a rataye. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga silima ba ta san abin da mai tace hoton fim ɗin nan ya manta. Bugun ƙofar mijin da waƙar uwar yarinya abu ɗaya ne, mun gada, namu ne tun kafin kyamara ta zo ƙasar Hausa.

To me ya kawo wannan rashin yarda? Ina ganin amsar tana cikin ɗakin da fim ɗin Hausa ya girma. Kano ta daɗe da silima. An buɗe Rex a 1937, kuma kawuna har yau idan ya fara lissafo Plaza da Orion da Wapa da Eldorado sai ka ga fuskarsa ta koma ta saurayi. Fim ɗin Indiya, na Caina, na kaboyi, a filin da ba rufi, a kan benci. Ya ce mini, "Ɗana, ba ma jin ko kalma ɗaya, amma ba abin da ke wuce mu. Ido ne ke ji." Sai dai wurin bai taɓa samun mutunci a idon gari ba. Gobarar silimar El Duniya a 1951 ta ci rayuka sama da 300, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Da aka gina Palace a Jakara, cikin ganuwa, a farkon shekarun 1950, sai da aka kai ruwa rana. "Ɗan silima" zagi ne, mace mai mutunci kuwa ba ta ko bi ta ƙofar.

Saboda haka da fim ɗin Hausa na bidiyo ya zo, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ba silima ya nufa ba, ɗakin matan aure ya shiga ta kaset. A can aka raine shi. Mai kallonsa tana da tukunya a kan wuta, ga yaro yana kuka, ga maƙwabciya ta yi sallama. Dole a faɗi abu sau uku don wadda ta fita ta dawo kada ta ɓata. Dole fuskar mugu ta nuna mugunta don wanda ya shigo a tsakiya ya gane. Waƙa kuwa hutu ce, lokacin duba miya, kuma ita ke sayar da fim ɗin a Ƙofar Wambai tun kafin ya fito. Duk wannan hikima ce a wurinta, ban raina ta ba, ita ta gina masana'antar da dubban mutane ke ci a ƙarƙashinta. Amma hikimar falo ce.

Bayan an buɗe Ado Bayero Mall a 2014, Filmhouse suka kawo zauren kallo na zamani a ciki, sai ga abin da kawuna bai taɓa zato ba: magidanci da matarsa da 'ya'yansa a layin sayen tikiti da Sallah, za su kalli fim ɗin Hausa. Kasuwar faifai ta riga ta durƙushe a hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya, silima ta zama 'yar ƙofar da furodusa zai ga kuɗinsa. Na ɗauka daga nan salon zai juya. Ya fara juyawa kuwa, hoto ya yi kyau, sauti ya gyaru. Sai annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren taruwa, kowa ya koma fim mai dogon zango a YouTube da Arewa24. A can kuma tsawo shi ne riba. Abin da za a gama a fitowa ɗaya sai a ja shi mako uku, a nuna mota tana shiga gida, mai gadi yana rufe ƙofa, Alhaji yana hawa bene taka ɗaya-ɗaya, a gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi yara. Marubutan nan da daraktocin nan su ne dai ke dawowa su yi na silima, da hannun da ya saba da ja. Fim ɗin zullumi kuwa kamar igiyar guga yake, da ta yi sako-sako shi ke nan.

A ɓangaren labarin iyali, wanda muka fi ƙwarewa a kai, ina da yabo mai yawa, kuma da zuciya ɗaya nake yin sa. A bara na kalli wani a silima da wani wuri a cikinsa ya bi ni har gida. Yarinya ta dawo gidan ubanta da takardar saki, wata bakwai da aure. Uban yana zaune a kan tabarma yana cin tuwo. Ta durƙusa ta ajiye takardar a gefen kwano. Ya dube ta, ya dubi takardar, bai taɓa ta ba. Ya ci gaba da cin tuwonsa, loma uku, huɗu, sai ka lura ya kasa haɗiyewa. Ya jawo kwanon wanke hannu, ya wanke, ya ce da uwar, "A gyara mata ɗakin Inna." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wata baiwar Allah a layinmu ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Babu wani ɗan wasa a duniya da zai koya wa dattijon nan yadda uba Bahaushe ke haɗiye baƙin ciki, don a gidansu ya gani. Kunya da kawaici da kara, abubuwan da ke hana mu faɗin abin da ke ranmu, su ne babbar dukiyar ɗan wasanmu a gaban kyamara, saboda duk abin da baki ya ƙi faɗa sai ya fito a ido da hannu.

Amma ko a wannan fim ɗin, fitowa ta gaba sai aka sa uwar ta zauna da ƙawarta tana bayyana mana cewa Malam ya ji ciwo ƙwarai, shiru kawai ya yi. Mun gani ai. Mun gani, har mun yi kuka. Ga kuma kiɗan fiyano da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kowane hawaye, kamar ana tsoron ba za mu san lokacin tausayi ya yi ba sai an buga mana ƙararrawa.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne harshenmu ya riga ya nuna zai iya ɗaukar kaya mai nauyi. Tun da aka cire fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart daga gasar Oscar a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa, Najeriya ta koma neman fim na harshen gida, kuma sau biyu fim mai magana da Hausa ne ya wakilci ƙasar. Na farko The Milkmaid na Desmond Ovbiagele a 2020, labarin 'yar Fulani mai tallan nono da ke neman 'yar'uwarta bayan 'yan ta da ƙayar baya sun afka wa ƙauyensu. A Taraba aka ɗauke shi, ya zama gwarzon fim a gasar fina-finan Afirka ta AMAA, Maryam Booth ma ta samu kambu a kansa. Na biyu Mai Martaba na Prince Daniel Aboki a 2024, rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, da Adam A. Zango a ciki. Ba su kai ga zagayen ƙarshe ba, kuma kowannensu yana da inda zan yi masa gyara. Amma sun ɗauki mai kallo da daraja, sun yi fim don babban allo tun daga tushe. 'Yan wasanmu ne, harshenmu ne, ƙasarmu ce. Abin da ya bambanta shi ne an zauna an yi wa labarin hidima kafin a kunna kyamara.

A nan ne gizo ke saƙar. Wani abokina marubuci ya taɓa nuna mini yadda ake kiransa a ce ana son labari cikin kwana goma, an riga an kama jarumai, an riga an yi waƙoƙi uku, nasa kawai ya nemo inda zai cusa su. Kuɗin da ake ba shi bai kai na hayar motar da jarumi zai fito da ita ba. Labarin zullumi kuwa lissafi ne. Abin da ka ajiye a minti na goma sai ya yi aiki a minti na tamanin, kowane wanda ake zargi sai ya kasance yana da dalili, kuma idan gaskiya ta fito mai kallo ya dafe kai ya ce ai kuwa an nuna mini ban lura ba. Wannan ba ya samuwa a kwana goma, ba ya samuwa a lokeshin ana jiran rana ta faɗi. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda makarantar koyon fim ta Jos ke ƙarƙashinta. Da zan samu kunnensa, ba kyamarori zan roƙa wa Kano ba, muna da su. Horon marubuta zan roƙa, da masu haɗa sauti, da masu tace hoto waɗanda za su iya duban furodusa su ce wannan waƙar ba ta da wurin zama a nan.

Akwai masu ɗora laifin a kan Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, su ce ita ke tilasta wa'azin ƙarshe. Ni ina cikin masu ganin gari irin Kano yana da haƙƙin ya sa ido a kan abin da ake nuna wa 'ya'yansa, kuma fim ɗin zullumi ba ya buƙatar tsiraici ko jini yana malala. Matar nan a bakin ƙofa da hijabinta take, ba a nuna ko wuƙa ba, amma ta tsayar da numfashin zaure guda. Abin da na lura shi ne tsoron a ce ɗan fim yana ɓata tarbiyya ya shiga jinin masana'antar, musamman tun abin da ya faru a 2016, lokacin da aka yi ca a kan alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa har ta janye. Sai kowane fim ya zama kamar yana kare kansa a gaban alƙali, yana rantsuwa cewa shi faɗakarwa ya zo yi. Amma wanda ya ga yadda cin amana ya rusa gida a gaban idonsa, ya ji zafin a ƙirjinsa, ya riga ya faɗaku. Jawabin ɗan sanda ba ya ƙara masa komai, sai ma ya sanyaya abin da ya ɗauka.

Sannan ga garin kansa da ake ta ɓoyewa. Kusan kowane fim da jirgin ɗaukar hoto yake buɗewa, a nuno gadar Ƙofar Nasarawa daga sama, daga nan sai katafaren gida a Nasarawa GRA mai kujerun da ba a taɓa zama a kansu ba. Ina lungunan Yakasai da mutum biyu ba sa iya jerawa, inda ƙafar da ke bin ka a baya take amsa-kuwwa a jikin katanga? Ina cikin Kurmi bayan la'asar, rumfuna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya? Ina Kantin Kwari da dillalin da ya karɓi kayan miliyoyi da baki kawai, ba takarda, sannan wayarsa ta daina shiga? Ina kasuwar waya ta Farm Centre, inda wayar da aka ƙwace jiya za ta iya bi ta hannu biyar kafin azahar? Mutumin Kano yana kwana da fargabar ƙwacen waya, da faɗan daba, da rigimar gado da ke raba 'yan uwa ciki ɗaya, da damfarar da ake yi da sunan taimako. Ba mu da ƙarancin abin da zai hana ido barci. Aro muke yi daga fim ɗin Indiya da aka fassara, alhali namu yana bakin ƙofa.

Mu masu kallo ma da namu. Wanda zai ɗaga waya yana ɗaukar allo don ya sa a shafinsa yana cutar wanda ya zuba jarinsa, yana kuma kashe wa na kusa da shi duhun da ya biya. Kuma mu ne idan aka yi fim babu waƙa za mu ce ya yi salam, mu ne muke tambayar waye jarumin kafin mu tambayi mene ne labarin. Furodusa ɗan kasuwa ne, inda ya ga ƙafa ta fi yawa nan zai shimfiɗa tabarma. Amma surutunmu na cikin zaure ban ɗauke shi aibi ba, ina ma son sa. Shi ne ma'aunin da babu irinsa. Daraktan da ke son ya san gaskiyar aikinsa ya bar karanta yabon da ake masa a Facebook, ya sayi tikiti ya zauna a layin baya ranar da ba ta bikin buɗewa ba. Inda wayoyi suka haska, nan ya yi sako-sako. Inda Kanawa suka yi tsit, nan ya kama.

Daga silimar sai da muka biya ta gidan mahaifiyarmu na sauke ƙanwata. Goma ta wuce, unguwar ba wuta, mai adaidaita ya ce ba zai shiga lungun ba, muka ƙarasa da ƙafa. Na ce mata ta mayar da wayarta cikin jaka. Muka bi gefen kwata a hankali, tana riƙe da hannun rigata, wasu samari uku a kan dakali suka yi shiru har muka wuce. Na buga ƙofa yadda na saba bugawa tun ina makarantar sakandare. Muka ji takun Hajiya ya zo ya tsaya a zaure.

"Waye?"

"Ni ne, Hajiya."

Ba ta buɗe ba. Sai da ƙanwata ta ce, "Hajiya, mu ne, ni da Yaya," sannan muka ji ta zare sakatar sama, ta zare ta ƙasa.